Fis ɗin Ƙarƙashin Gado

Ciki da falo muke haya a Kwamba, cikin Suleja, a lokacin, a wani gida mai ƙofa takwas da rijiya a tsakiya. Maigidana a Abuja yake aiki. Yana idar da sallar asuba zai fita neman mota, ba ya dawowa sai bayan isha'i, don haka yinin duka daga ni sai 'yata sai matan gidan. Daga Zariya muka zo. Ina da digiri a kimiyyar halittu wanda ban taɓa yin aiki da shi ba. Abin da dai na san ya bar mini shi ne tsoron abubuwan da sauran mutane ba sa ma lura da su.

Yarinyar 'yar fari ce, kuma sunan uwar mijina ta ci. Saboda haka ba na kiran sunanta, ba na yi mata wasa a gaban manya, in an yabe ta sai in kawar da kai kamar ba da ni ake ba. Haka na taso na ga ana yi, ban kuma ce ba daidai ba ne. Amma in an rufe ƙofa ba abin da nake yi sai kallon numfashinta.

Tana cika wata shida na fara ba ta abinci bayan nono. Na karanta a waya, na tambayi ma'aikaciyar jinya a wurin awo, na sake komawa waya don in ga ko maganarsu ta zo ɗaya. Abu ɗaya nake ba ta, in jira kwana uku in ga ko jikinta zai yi ƙuraje ko cikinta zai ɓaci, sannan in gwada wani. Da kabewa na fara, sai dankalin Hausa, sai fis, wato ƙananan koren waken nan masu kamar duwatsun carbi da ake zubawa a soyayyiyar shinkafa. Shi ta fi so, shi kuma na fi tsoro, don girmansa daidai maƙogwaron yaro ne. Dafa shi nake yi har sai ya narke tsakanin yatsu biyu, in murje shi a rariya, ɓawon ya tsaya a sama. Da ta yi haƙora na daina murjewa, sai dai in bi kowace ƙwaya in danne ta da bayan cokali ta baje. Ba na ba ta tana tafiya, ba na ba ta tana dariya. Sai ta zauna daram a kan tabarma, ni ma ina zaune a gabanta.

Matan gidan sun samu abin kallo. Akwai matar wani direban tanka, ɗakinta na daf da rijiya, ita ta laƙaba mini Likita.

"Likita, yau ƙwaya nawa aka yi wa tiyata?"

Sai a kwashe da dariya. Ni ma in yi murmushi, don ban san me ake cewa a irin wannan wurin ba.

Mutum ɗaya ce ba ta dariya, matar ɗakin ƙarshe. Kirista ce daga kudu, ta fi shekara goma a Suleja, Hausar kasuwa a bakinta kamar ruwa. Madam kowa ke ce mata. Sana'arta girkin biki da na taron coci, a ƙarshen tsakar gidan take hura gawayinta, da manyan tukwane uku. Ita ta koya mini gane sabon fis, wanda kwasfarsa ke ƙara in an ɓalla. In ta saro nata takan ɗebar mini cikin gwangwanin madara.

"Amarya, rabu da su," in ji ta. "Ni na haifi huɗu, ban taɓa danne wake da cokali ba, amma ban ga laifin wanda ya danne ba. 'Yarki ce."

Yarinyar na da wata goma sha tara uwar mijina ta zo daga Zariya. Hajiya nake ce mata. Babbar mace ce mai ciwon gwiwa, a kan kujera take sallah, in abu ya faɗi ƙasa sai ta kira wani ya ɗauko mata. Ranar da ta iso ta ɗora yarinyar a cinya, ta matsa damtsenta, ta matsa ƙafarta, ta dube ni.

"Ke, me kike ba takwarar tawa? Iska?"

Katin awo na cikin jakata, kullum kuma ana ce mini nauyinta daidai ne. Na yi tunanin ɗauko shi, na fasa. Da yamma na kawo wa yarinyar abincinta, Hajiya ta karɓi kwanon ta kai kusa da fuska.

"Wannan kuma fa? Kashin tsuntsu?"

"Fis ne, Hajiya. An ce yana da amfani ga..."

"Wa ya ce? Wayarki? Uban yarinyar nan kunu da tuwo ya ci, ga shi can yana aiki a Abuja, ku kuna cin arzikinsa." Ta ɗaga murya yadda na waje za su ji. "A ɗauki jinina ana ɗura mata abincin wasu. Zubar da shi a kwata. Kada in sake ganinsa a ɗakin nan."

Na zubar. Matar direba tana tsaye a bakin rijiya da guga a hannu, ba ta ko ɓoye dariyarta ba.

Washegari Hajiya ta bi kantar da nake ajiye kayan abinci, gwangwani bayan gwangwani, tana buɗewa tana shanshanawa. Ta duba saman firji, ta duba bayan labule. Tun daga ranar ita ke ba yarinyar abinci, kunu da sukari cokali uku, da tuwo da take taunawa ta saka mata a baki. Ina kallo, ina tuna abin da na karanta game da hakan.

Ranar Lahadi da la'asar Hajiya na barci a ciki, maigidana ya kira ni falo ya rage murya.

"Hajiya ta ce ranar Asabar za ta tafi da yarinyar yaye."

Na san za a yi haka. Al'ada ce, kaka ke yaye. Na tambaye shi kwana nawa.

Ya ɗauki wayarsa ya juya ta, ya ajiye. "Ta ce sai ta isa shiga makaranta."

'Yar farin yayansa haka aka tafi da ita. Na gan ta da sallah, shekararta tara, tana ce wa uwar da ta haife ta Anti, tana gaishe ta a tsugune kamar baƙuwa.

"Ki saurare ni," ya ce. "Ki bi ta a hankali kwanakin nan. In ta ga kina jin magana, ni zan roƙe ta, sati biyu ta dawo da ita. Amma in ta sake kama ki da koren abin nan, wallahi ba ni da bakin magana. Uwata ce."

Na so in ce ba na son a tafi da ita ko na kwana ɗaya. Amma 'yar fari ce, uwa ba ta faɗin haka, ko ga mijinta. Na ce masa to.

Har yanzu ina tambayar kaina abin da ya sa na sake nemo fis bayan wannan magana. Dalilin da na ba kaina shi ne yarinyar ta kwana huɗu ba ta yi bayan gida ba, tana ta nishi tana riƙe ciki, ta saba da ganye da kayan lambu an yanke mata rana ɗaya. Wannan gaskiya ne. Wataƙila kuma akwai taurin kai a ciki, irin na wanda ya tabbata shi ne ya yi karatu. Ba zan iya rantsewa ba.

Ranar Laraba Hajiya ta ce za ta unguwar Kurmin Sarki gaisuwar rasuwa wurin wasu dangin mijinta. Na tare mata keke, na taimaka mata ta hau. Na lissafa za ta yi aƙalla awa uku. Ina dawowa na wuce wurin Madam, wadda tun safe take aikin shinkafar wani biki.

"Akwai sauran ɗanye?"

Ta dube ni, ta dubi ƙofarmu. "Tsohuwa ta fita ke nan?" Ta yi dariya, ta ɗebo mini a ragowar da ba ta tafasa ba. "Yi sauri ki dafa. Ni ban ga komai ba."

Na zauna a ɗaki na ɓare shi cikin ƙaramin kwanon silba. Ban kai ga kunna risho ba na ji tsayuwar keke a ƙofar gida, na ji sallamar Hajiya. Ashe ta tarar masu makokin sun tafi ƙauye tun jiya, ta juyo. Ko minti arba'in ba ta yi ba.

Na tsaya da kwano a hannu. Kantar abinci za ta duba, saman firji za ta duba. Sai na tuna gwiwarta. Wuri ɗaya ne a ɗakin nan da Hajiya ba za ta taɓa iya leƙawa ba. Na tura kwanon ƙarƙashin gado, na saki zanin gadon ya rufe. Har wani daɗi na ji na dabarar da na yi. Ban tuna ba, ko na daƙiƙa ɗaya, cewa akwai wani mutum a ɗakin wanda duk rayuwarsa a ƙasa take, wanda ƙarƙashin gado nan ne wurin wasansa. Ni da nake danne dafaffen fis ƙwaya-ƙwaya, ni na ajiye ɗanye cike da kwano daidai tsayin hannunta.

Hajiya ta shigo tana mita, rana ta dake ta, mai keke ya bi da ita ta ramuka. Ta zauna a falo ta ce in kawo ruwa, in kawo man zafi in murza mata ƙafa. Na durƙusa ina murzawa. Na ga yarinyar ta shiga ciki, na ga ta fito ta bi ta gefenmu ta nufi tsakar gida da tafiyarta ta 'yan koyo. Ban kawo komai a raina ba. Hankalina na kan ƙafar Hajiya da ranar Asabar.

Ihun matar direba muka ji.

Da na fita yarinyar na tsaye kusa da robobin Madam. Bakinta a buɗe, ba kuka, ba tari, ba sauti ko kaɗan. Idanunta sun fito, leɓenta ya fara duhu. Na karanta abin da ake yi a irin wannan hali ya fi sau ashirin, na kalli hotunansa, har na taɓa gwadawa da filo. Ban iya ɗaga ƙafata ba. Hajiya ta dafo bango ta fito tana salati tana cewa a ba ta ruwa. Matar direba ta kama haɓar yarinyar za ta zura mata yatsa.

Madam ta ture ta da kafaɗa. "Cire hannunki, za ki ƙara tura shi ciki!"

Ta zauna a kan kujerarta ta tsuguno, ta kifa yarinyar a cinya kanta na kallon ƙasa, ta riƙe haɓarta da hannu ɗaya, ta buga tsakanin kafaɗunta da tushen tafin ɗaya hannun. Bugu na gaske, har ina jin ƙararsa a cikina. Ta sake. Ta sake. A na huɗu ko na biyar wani abu ya yi tsalle ya gangara kan siminti, yarinyar ta ja numfashi da wata irin ƙara, sannan ta fasa kuka.

Sai a lokacin ƙafata ta saki. Na ɗauke ta na rungume a gaban kowa, na manta da wata kunya. Madam ta jingina da bango tana haki tana kiran sunan Yesu, zufa na zuba daga goshinta.

Da a nan aka tsaya, da labarin godiya nake rubutawa.

Hajiya ta ƙaraso tana jan ƙafa. Ta dubi abin da ya faɗo, ƙwayar fis ɗaya, kore shar, jiƙe da yawu. Ta ɗaga kai ta ga babbar robar Madam cike da irinsa, an haɗa da karas.

"Wannan tsinannen abin ne dai," ta ce. "Ke kika ba ta?"

Madam ta ɗauka wasa ne. "Mama, ni na fitar da shi."

"Na ce ke kika ba ta? Ki baza guba a tsakar gida inda 'ya'yan mutane ke yawo, sannan ki kama jikata kina jibga kamar kin samu jaki?"

Ta ɗaga rigar yarinyar. Bayanta ya yi ja, shatin hannu ya fito. Matan gidan suka matso, kowa na cewa kai, kai, kai. Matar direba, wadda aka ture a gaban mutane, ta samu ƙofa.

"Dama mun daɗe muna magana. Kullum wuta, kullum wuƙa, kullum ruwan zafi. Sai an kashe wani tukuna."

Madam ta sunkuya ta ɗauki ƙwayar daga ƙasa. Ba ta ɗaga murya ba.

"Mama, duba nan. Wannan ɗanye ne, ji tauri." Ta sa hannu a robarta ta ɗauko wani ta matse, ya baje a yatsunta. "Nawa na tafasa tun safe. Ba ɗanye ko ɗaya a wurin nan. Ragowar ɗanyen na bayar." Ta juyo gare ni. "Amarya, faɗa musu."

Hannun hagun yarinyar na dunƙule a wuyana, ƙarƙashin mayafina. Na sa yatsa na buɗe shi a hankali ba tare da na duba ba, na ji ƙwaya biyu masu tauri, da ƙurar nan mai kamar auduga da ke taruwa a ƙarƙashin gado. Na mayar da yatsunta na rufe, na riƙe hannun cikin nawa.

Hajiya na kallona. Ba fushi a fuskarta, jira kawai take.

"Ni dai," na ce, "ban tabbata ba. Ina ɗaki ina yi wa Hajiya tausa. Ba zan iya cewa ga inda ta tsinta ba."

"Ban ba ki ɗanye yau da safe ba?"

"Kin sha ba ni a baya. Na yau ɗin ne... ina jin kamar kin haɗa da wata ranar. Ban sani ba. Kaina ya ɗaure."

Na sha juya waɗannan kalmomi a raina. Ina ɗaki, gaskiya ne. Ban ga lokacin da ta tsinta ba, gaskiya ne. Ta sha ba ni a baya, kaina kuma ya ɗaure. Da irin wannan muryar nake magana kullum, kowa a gidan ya san ni da ita, shi ya sa ba wanda ya yi shakka. Da na daka tsawa na ce ƙarya take, wataƙila da wani ya lura.

Madam ta dube ni. Sai ta yi wata gajeriyar dariya, ta jefar da ƙwayar cikin tokar murhunta.

"To," ta ce. "Na gode, Likita."

Ba ta taɓa kirana da sunan nan ba sai ranar.

Hajiya ta buɗe baki. Ba zan maimaita duk abin da ta faɗa ba. Ta zagi abincinta, ta zagi garinsu, ta ce irinsu ba su san darajar ɗan mutum ba, ta ce ƙarya a jininsu take tunda har za ta laƙa wa uwar yarinya laifi don ta wanke kanta. Wasu daga cikin matan da suka sha cin shinkafar Madam kyauta ranar Kirsimeti suna gyaɗa kai. Matar direba ta buga wa wakilin mai gidan waya. Kafin la'asar ya zo da babur, ya saurari Hajiya, ya ga bayan yarinyar, ya tambaye ni. Na maimaita masa cewa ban tabbata ba. Ya yanke cewa daga ranar ba sauran girkin sayarwa a tsakar gida, in Madam na son sana'arta ta fitar da murhunta waje.

"Shinkafar mutane na kan wuta," ta ce masa. "Biki gobe ne."

"Sai ki sauke ki fitar."

Ita kaɗai ta fitar da tukwanen nan, da tsumma a hannu, ɗaya bayan ɗaya, mijinta na kasuwa, 'ya'yanta na makaranta. Ba wadda ta kama mata. Ina kallo ta tsagar labule.

Da Hajiya ta shiga banɗaki na kwanta rub da ciki na leƙa ƙarƙashin gado. Kwanon na kife, fis ya watsu har bango. Na bi shi da hannu na tsince, na ƙulle a baƙar leda, na cusa a ƙasan kwandon shara na rufe da ɓawon albasa. Na sake komawa da tocila sau biyu.

Washegari muka kai yarinyar asibiti, ni da Hajiya. Ma'aikaciyar jinyar ta saurari ƙirjinta, ta duba bayanta, ta ce ba abin da ya karye, jan zai baje. Ta tambayi wanda ya buga mata bayan.

"Wata maƙwabciya," na ce.

"Ku je ku gode mata. Da ruwa aka ba ta, ko aka sa mata yatsa, da wani zancen ake yanzu."

"Allah dai ya cece ta," in ji Hajiya, ta gyara mayafi.

Kwana biyun da suka biyo baya Hajiya ta zama wata daban a wurina. Ta ce ashe ina da hankali, ta ce ta ɗauka zan bi bayan ƙawata in kunyata ta a gaban jama'a. Har ta yaga nama daga kwanonta ta miƙo mini. Na karɓa da hannu biyu, na ci.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci maigidana ya dawo da wuri don ya yi roƙon da ya yi alkawari. Ya zauna a ƙasa kusa da ƙafar Hajiya, ya fara kewaye-kewaye. Ta katse shi.

"Ba sai ka wahalar da bakinka ba. Ba zan tafi da ita ba." Ta dubi yarinyar da ke jan igiyar fanka. "Wannan ba ta zama wuri ɗaya, komai ta gani sai baki. Ranar nan ina tsaye ina gani, ƙafata ta ƙi zuwa. In ya faru a hannuna, ni kaɗai a gida, me zan ce wa Allah? Matarka ta shafa wa nono maɗaci ta yaye ta a nan. Tunda dai an fitar da waccan matar, kuma uwar ta fara jin magana."

Ban san wanne daga cikin dalilan nan ya fi nauyi a wurinta ba. Mai yiwuwa ko da na faɗi gaskiya, tsoron da ta ji zai hana ta ɗaukar yarinyar. Mai yiwuwa kuma da ta ga kwanon nan, ko da rarrafe ne sai ta tafi da ita, mijina kuma ba zai ce uffan ba. Na fi karkata ga na biyun, amma na san ina da dalilin son karkata can.

Ranar Asabar muka raka ta tasha, ta hau mota ita kaɗai. Na dawo da 'yata goye a bayana.

Damina ce. Madam ta kafa murhunta a bakin kwata, tsakanin bangon gidan da hanyar da kekuna ke bi. In suka wuce su watsa mata taɓo, in hadari ya taso ta bi tukwane da buhu tana rufewa, gawayi ya jiƙe. Na ji ana cewa wasu masu biki sun mayar mata da abinci saboda ƙasa a ciki. A cikin gida kuwa mata suka hana 'ya'yansu zuwa ƙofarta. In ta zo ɗiban ruwa sai hira ta tsaya. Ni kuma aka daina ce mini Likita, matar direba har aron tsintsiya take zuwa yi, tana tambayar jikin yarinyar.

Sai da aka yi sati biyu na iya zuwa wurinta. Ranar Lahadi ce da rana, ta dawo daga coci ta cire ɗankwali tana wanke tukunya a waje. Na duba hagu da dama, ba kowa sai masu wucewa. Yarinyar na bayana tana barci.

"Madam, sannu da aiki."

Ba ta ɗago ba.

"Na zo ne in ce... abin da ya faru ranar nan. Ban kyauta ba. Za a tafi da ita ne, shi ya sa. Ba ki san yadda abin yake a wurinmu ba."

"Na sani," ta ce, tana ci gaba da goge tukunyar. "Bangon gidan nan ba kauri. Na san ranar Asabar, na san komai. Da kin zo da daddare kin ce, Madam, rufa mini asiri, da na ce nawa ne, da bakina. Me za su yi mini da ba su yi ba?" Ta ajiye soson ƙarfen, ta ɗago. "Amma kin tsaya ina riƙe da abin a hannuna, kin mai da ni maƙaryaciya."

"Ki yafe mini."

"A nan? A bakin kwata, da murya kamar ta sauro?" Ta nuna ƙofar gidan da haɓa. "Ga su can duk suna ciki, yau Lahadi. Mijinki ma na ciki. Tsohuwa ta tafi, 'yarki na bayanki. Shiga ki tsaya a bakin rijiya, inda aka zage ni, ki faɗa da ƙarfi. Ba na son komai bayan wannan. Ko murhun ba sai an mayar ba."

Na dubi ƙofar. Ina jiyo muryar matar direba, ina jiyo rediyon maigidana. Na san matar direba ta karɓi lambar Hajiya kafin ta tafi, suna gaisawa. Na san Zariya ba nisa, yayen ma ban gama ba, kuma maganar da Hajiya ta janye da bakinta za ta iya mayar da ita da waya ɗaya.

"Zan faɗa," na ce. "In an ɗan kwana biyu, in abin ya lafa. Ina ganin yanzu bai dace ba."

Ta ɗauki sosonta.

"Matsa mini daga haske," ta ce.

Na matsa. Na gyara goyon, na shiga gida, na wuce rijiyar, matan suka yi mini sannu na amsa. Na shiga ɗaki na kwantar da yarinyar a kan gado, na zauna kusa da ita har ta farka.